Turancin kasuwanci: ina ɗalibin tattalin arziki a Legas zai zuba kuɗinsa?

Ɗan yayata da ke aji uku a sashen tattalin arziki na Jami'ar Legas, can Akoka, ya same ni a Agege bayan isha'i da wata takarda a hannu. Tallar wata cibiyar koyar da Turanci ce, wai cikin mako shida za a mayar da shi gwanin Turancin kasuwanci. Ya ce, "Kawu, in biya ko in dakata?" Na tambaye shi abin da ya tayar da maganar. Ashe ya je neman gurbin sanin makamar aiki ne a wani kamfani a Ikeja, aka ce ya bayyana yadda hauhawar farashi ke cin ribar kamfani. Ya san amsar sarai, a shagon hatsin babansa ya tashi, ya ga yadda kuɗin buhu ɗaya ke kasa sayo wani buhun. Amma bakinsa ya yi nauyi, ya yi ta kame-kame har aka ce ya je za a neme shi.

Abin ya taɓa ni, domin ba shi kaɗai ba ne. Yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago sun san jari da riba da bashi da la'ada tun kafin su san ƙofar jami'a. Sun ci Turanci a WAEC, sun wuce darasin GST na shekarar farko, wato darasin gama-gari da kowane ɗalibin jami'a ke yi. Ilimin yana nan, nahawun ma ba laifi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kalmomin da ofis ke amfani da su, da iya rubuta saƙon imel na layi biyar wanda manaja zai karanta ya gane nan take, da ƙarfin zuciyar tsayawa gaban mutane a yi bayani. Kafin ka ciro ko sisi, ka tantance wanne cikin ukun nan ne ciwonka, don kowanne da maganinsa.

Mu fara da cibiyoyin nan masu talla a bakin titi, tunda su ne suka fi jan ido. Akwai nagari a cikinsu, amma da yawa darasin shirya jarrabawar Turanci ta IELTS suke yi, sai su canza masa suna. Kada ka biya sai ka zauna a aji ɗaya ka gani da idonka. Ƙirga ɗaliban. In sun haura ashirin, sau nawa za ka buɗe baki a awa biyu? Tambayi malamin ko yana karɓar rubutun ɗalibai ya gyara da jan biro ya dawo da shi, ko kuwa allo kawai yake cikawa. Sannan ka haɗa da kuɗin mota da lokacin da cunkoso zai cinye maka. Wanda ke Agege ya sami sauƙi tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki a 2024, yana bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba zuwa Oyingbo, amma ɗalibin Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo in ya ce zai riƙa tsallakawa Ikoyi sau uku a mako, karatunsa na jami'a ne zai ji jiki.

Ita kanta IELTS ɗin, wadda British Council ke shiryawa a nan Legas, jarrabawa ce mai daraja, amma awo ce, ba makaranta ba. Tana gwada sauraro da karatu da rubutu da magana, a ba ka maki har zuwa 9, kuma yawancin wurare ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu. To ɗan aji biyu da ya rubuta ta yau, kafin ya gama digiri ya yi bautar ƙasa ta riga ta mutu a hannunsa. Bankuna da kamfanonin Legas galibi ba sa tambayarta, nasu gwajin suke yi. In burinka digiri na biyu ne a waje, ka jira lokacin ya matso, ka kuma duba sharuɗɗan jami'ar da kake so tukuna, domin wasu jami'o'in Ingila suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC a madadinta.

Wanda yake son takardar shaida da za ta yi masa amfani a cikin gida, gara ya dubi ICAN, ƙungiyar akantoci da aka kafa a 1965. A matakin farko na shirinta na ATSWA, wato jarrabawar ƙananan akantoci, akwai darasi guda kan dabarun sadarwa, tare da tattalin arziki da dokar kasuwanci da tushen lissafin kuɗi. A nan za ka koyi tsara wasiƙar ofis da rahoto da bayanin taro. Ba zai gyara maka furuci ba, amma kuɗin da ka kashe yana kan hanyar da kake bi ne.

Darussan intanet su ne mafi araha, su ne kuma aka fi watsarwa a tsakiya. BBC Learning English kyauta ne, yana da wasan kwaikwayo na gajerun zango mai suna English at Work, inda za ka ji yadda ake ba abokin ciniki haƙuri, da yadda ake ƙin amincewa da ra'ayin shugaba ba tare da rashin ladabi ba. A Coursera, wani dandalin karatu na intanet, akwai jerin darussan Turancin kasuwanci na Jami'ar Washington, kuma akwai hanyar neman tallafi ga wanda bai da halin biya. Matsalar dai ita ce data da wuta, sannan babu mai tsare ka. Sauke darasin a waya lokacin da ka sami intanet na makaranta, ka saurara a cikin mota. In ka san kai ba mai iya tsare kanka ba ne, nemi aboki ku riƙa yi wa juna tambaya duk Asabar.

Littafi kuwa, ɗaya ya isa, kada ka tara. Ga ɗalibin tattalin arziki da gudanarwa na fi son English for Business Studies na Ian MacKenzie, wanda Cambridge ta buga, domin an rubuta shi ne musamman don irinku, babi-babinsa suna bin abin da kuke yi a aji: gudanarwa, talla, banki, hannun jari, haraji. Market Leader ya fi karkata ga wanda ya riga ya fara aiki, yana ɗauko rubuce-rubuce daga jaridar Financial Times. Duba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba kafin ka nufi manyan shaguna. Ka buɗe ka tabbatar shafukan sun cika, ka kuma tambaya game da sautin da ke tafiya da littafin, don rabin amfaninsa yana wurin sauraro.

Amma abin da na fi nanata wa ɗan yayata ba a sayar da shi ko'ina. Duk kamfanin da ke cikin kasuwar hannun jari ta Najeriya yana fitar da rahoton shekara, kuma ana sauke shi kyauta. Ɗauki na Dangote Cement ko na MTN Nigeria ko na wani banki, ka karanta jawabin shugaban hukumar gudanarwa, shafi uku ko huɗu ne kawai. A nan za ka ga yadda ake faɗin an yi asara cikin natsuwa, da yadda ake danganta ta da faɗuwar naira, da yadda ake ba masu hannun jari fata ba tare da an ɗaure kai da alkawari ba. Haka sanarwar da Babban Bankin Najeriya ke fitarwa bayan kowane zaman kwamitin manufofin kuɗi. A watan Nuwamba na 2024 kwamitin ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, hukumar ƙididdiga kuma ta ce hauhawar farashi ta watan Disamba ta kai kashi 34.8. Nemo waccan sanarwar ta Babban Bankin, ka karanta dalilansu, ka rufe, ka bayyana wa mahaifinka da Hausa abin da hakan ke nufi ga mai cin bashin banki don sayo kaya daga Arewa. In ya gane, to ka fahimta. Sai ka juya ka rubuta bayanin nan da Turanci cikin jimla goma, ka karanta da ƙarfi kana ɗaukar muryarka a waya. Wannan Turanci ne na ƙasarmu, da kuɗinmu, da kamfanonin da za ka je neman aiki gobe, abin da littafin da aka rubuta a Ingila ba zai ba ka ba.

A wurin sauraron muryar taka za ka kama abin da ke sa da yawanmu yin shiru a taro, wato cakuɗa harafin p da f. Harshenmu bai raba su ba, don haka ba abin kunya ba ne, amma kalmomin fagen nan cike suke da su: profit, portfolio, performance. Minti biyar kullum gaban madubi, leɓe biyu a haɗe don p, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa don f, yana kawo sauyi. Ba sai ka koma magana kamar Bature ba, a dai ji ka ba tare da an ce ka maimaita ba.

Saura nauyin baki, kuma shi ba ya warkewa a ɗaki. A nan ne nake ganin kuɗi ya cancanci fita. Ƙungiyar Toastmasters, wadda aka kafa a Amurka a 1924, tana da rassa a Legas. Ana ba ka batu nan take ka yi magana ta minti ɗaya zuwa biyu, wata rana ka shirya jawabi na minti biyar zuwa bakwai, wani ya tashi ya faɗa maka inda ka yi kyau da inda za ka gyara. Ana biyan kuɗin zama mamba duk wata shida, kuma da yake da dala ake lissafa shi, yana iya yi wa ɗalibi nauyi. Yawancin rassan suna barin baƙo ya halarta kafin ya yanke shawara. Je ka gani sau biyu. In aljihu bai kai ba, ku ɗauki tsarin ku kai shi ƙungiyar ɗalibanku, ku shida ko bakwai, da agogo da mai gyara.

Ɗan yayata bai biya cibiyar ba. Ya samo littafin MacKenzie na hannu a Yaba, ya sauke rahoton wani banki, suka haɗa zama su biyar kowace Lahadi bayan la'asar. Ranar Juma'a yakan turo mini imel ɗaya da ya rubuta, in gyara in mayar masa. Na farkon ya kai layi ashirin, gaisuwa ta cinye rabi. Na makon jiya layi shida ne, kuma buƙatarsa tana cikin jimlar farko.