Gwajin leƙa hanji: likitan ya burge ni, amma masu karɓar baƙi sai a hankali

Na je wani asibiti ne don kolonoskofi, gwajin da ake zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a duba babban hanji. Sankarar hanji ce ta yi ajalin yayana, bayan an daɗe ana yi masa maganin basir, jini na zuba ana cewa zai tsaya. Likitoci kan ce wanda mahaifi ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon ya fara gwaji tun yana shekara 40. Sauran mutane ma, a 2021 Amurka ta sauko da shekarun farawa daga 50 zuwa 45.

Kunya da zafi nake tsoro, kuma wallahi ban ji komai ba. An yi min allura, sai farkawa na yi a ɗakin hutawa. Abin da ya kama zuciyata shi ne likitan bai miƙo min takarda ya wuce ba. Kujera ya jawo, ya juyo allon kwamfuta, ya nuna min wani ɗan tsiro a jikin hanjina, bai kai kan ɗan yatsa ba. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Na riga na cire shi. Irinsa ne idan an bar shi yana iya rikiɗewa ya zama sankara cikin shekara goma ko fiye, kuma ba ya ciwo balle ya yi maka gargaɗi." Na tambaye shi ko da yayana ya zo da wuri da ya tsira. Bai yi min daɗin baki ba, ya ce rai na Allah ne, amma yawancin waɗanda aka gano nasu a matakin farko suna warkewa. Ya ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar hanji a duniya a 2020, sama da 930,000 suka rasu, kuma ita ce ta biyu wajen kisa a cikin sankarori. Irin wannan likita ba ko'ina ake samu ba, Allah ya saka masa.

To amma idan na tuna teburin karɓar baƙi sai raina ya sake ɓaci. Maganin wanke hanji aka turo min a leda, babu bayani ko kalma ɗaya. Ba a faɗa min a daina abinci mai nauyi tun ana gobe ba, ba a ce rabi ake sha da yamma rabi da asuba ba. Wata nas ce ta kira ni don kanta ta warware min. Wani dattijo da muka zauna tare bai samu wannan kira ba, hanjinsa bai wanku ba, kyamara ba ta ga komai ba, aka ce ya koma ya sake shan maganin daga farko. Na ga hawaye a idonsa. Ga shi kuma da ƙarfi suke kiran suna da irin gwajin da mutum ya zo yi, a gaban kowa. Wannan kunyar ce fa take hana mutane zuwa tun farko!

Sakamakon tsiron ma ya wuce ranar da suka yi alkawari, ina ta bugawa ba a ɗauka, ni da iyali ba barci. Alhamdu lillahi ba sankara ba ce. Da likitan kaɗai zan duba, tauraro biyar ya yi kaɗan, amma uku zan ba asibitin. Idan za ka je, kada ka bar teburin nan sai an rubuta maka yadda ake shan maganin, da lambar nas ɗin da za ka kira.