Ƙauyen 'Yan Ƙwadagon Rake a Waipahu: Gidan Tarihin da Ya Cancanci Ziyara

A garin Waipahu da ke tsibirin Owahu na jihar Hawai a Amurka, yamma da birnin Honolulu, akwai gidan tarihi mai suna Hawaii's Plantation Village, wanda aka buɗe a shekarar 1992 domin adana rayuwar baƙin da suka yi ƙwadago a gonakin rake na Hawai. Ƙauye ne sosai aka tsara a fili, mai gine-gine fiye da ashirin, wasu na asali ne da aka gyara, wasu kuma an sake gina su bisa tsarin na dā. Ba a zaɓi wurin a banza ba, domin a wannan garin ne kamfanin Oahu Sugar ya yi aiki daga 1897 zuwa 1995.

Ɗan jagora ne yake zagayawa da baƙi, kuma gidajen suna nuna al'ummomin da suka iso ɗaya bayan ɗaya. Sinawa ne suka fara zuwa bisa kwantiragi a 1852, sai 'yan Fotugal a 1878, Japanawa masu yawa daga 1885, mutanen Okinawa da na Puwato Riko a 1900, 'yan Koriya a 1903, sannan 'yan Filifin a 1906. A bayan gidan 'yan Fotugal akwai tanderun gasa burodi, a sashen Japanawa kuma akwai gidan wankan jama'a da ɗakin yin awara, ga kantin kamfani da ɗakin shan magani. Akwai kuma jan ɗakin bauta na Shinto, addinin gargajiya na Japanawa, da aka gina a 1914 a Honolulu, aka kwaso shi zuwa nan.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne bango, wato 'yar lambar ƙarfe da kowane ma'aikaci yake ratayawa. Da wannan lamba ake biyansa albashi, da ita yake cin bashi a kantin kamfani, kuma da ita mai sa ido, wanda suke kira luna, yake kiransa daga kan doki, sau da yawa da bulala a hannu. Mutumin da ya baro iyayensa da garinsu, ya tsallako teku, sai ga shi an ajiye sunan da aka raɗa masa a gefe. Ranar aiki a gona awa goma ce, kwana 26 a wata, kuma mata da yawa aikinsu shi ne zare busasshen ganyen rake, wanda yake yanka fata, shi ya sa suke lulluɓe hannu da fuska duk da zafin rana.

Darajar wurin, a ganina, tana cikin yadda ya nuna cewa raba gidajen nan kabila-kabila dabarar masu gona ce. An zaunar da kowace al'umma a sansaninta, ana biyan albashi daban-daban a kan aiki iri ɗaya, don kada su haɗa kai. Duk da haka a bakin gona suke zama su ci abincin rana tare, kowa yana ɗanɗana na ɗan'uwansa, kuma daga wannan cuɗanya ne harshen Pidgin na Hawai, wato Turanci gauraye da harsunan ma'aikatan, ya samo asali. Japanawa sun yi yajin aiki su kaɗai a 1909, a 1920 suka haɗu da 'yan Filifin, amma sai a 1946 ne kusan ma'aikata 26,000 na dukkan kabilu suka tsayar da aiki na kwana 79 a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ILWU, har suka yi nasara.

Gini yana iya adana gado da tukunya da fitila, amma ba ya iya adana gajiya da ƙaiƙayin rake, don haka wanda ya zagaya a gurguje zai iya fita da zaton cewa rayuwa ce mai daɗi a ƙarƙashin inuwar itatuwa. Shawarata ita ce a bi zagayen da ake yi da jagora, a ware masa kamar awa biyu, a kuma yi tambaya kan albashi, da bashin kanti, da dokar 1850 wadda ta ɗaure ma'aikaci da kwantiragi har zuwa 1900. A tafi da ruwa da malafa, domin yawancin tafiyar a rana ake yin ta.