Bilbirken DT 125: a gyara na asali ko a sayi sabo na kwali?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena mai moto Yamaha DT 125 ɗin baba da ta fara ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, kana tsakanin gyaran tsohon bilbirke, wato ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji in piston ya tura, da sayen sabon da aka nuna maka a kwali. Ka gyara na asalin. Na yi duka biyun da kuɗina a kan inji guda, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Tawa DT ɗin a nan Tawa na saye ta, hannun wani malamin gona, bayan porojen da yake wa aiki ya rufe. Irin mai sanyaya da iska ce, ba mai radiyata ba. Ta yi mini shekaru tana cin hanyar Keita da ta Badagishiri ba ta taɓa tsayar da ni ba, sai wata rana ina dawowa na fara jin ƙwas-ƙwas daga ƙasa, kamar maƙeri na aiki a bayan katanga. In na saki wuta sai ƙarar ta fi fitowa. Da aka cire silinda, makanike ya kama biyel, wato sandar da ta haɗa piston da bilbirke, ya ja sama ya tura ƙasa, muna ji tana cewa ƙat-ƙat. Wannan wasan na sama da ƙasa bai kamata ya kasance ba ko kaɗan.

Gaggawa ta sa na sayi sabo. Yana ƙyalli, an naɗe shi a takarda mai maiƙo, kwalin da rubutun Japanawa. Alherin da zan iya faɗa a kansa shi ne ana samunsa yau a ɗaura shi yau, kuma bai kai kuɗin gyara haɗe da kuɗin mota ba. Iyakarsa ke nan. Tun ranar farko hannuna ke mutuwa a kan gido saboda karkarwa, bolan, wato faifan maganaɗisu da ke gefen inji, bai taɓa zama daram a kan tsinin bilbirken ba, ya cinye kilabet biyu, wato ɗan ƙarfen da ke kulle bolan a kan tsinin, kuma bai ga damina ba ya fara ƙarar da ta fi ta tsohon.

Allah ya taimake ni ban bar wa yaran garaji tsohon ba. Yana cikin buhu a bayan ƙofar shago. Na ɗauke shi na shiga kar ta Yamai, ta Ƙonni da Dogondutsi da Dosso, aka kwatanta mini wani dattijo mai tur da pires, wato injin sassaƙa ƙarfe da na matse shi, a wajejen kasuwar Katako. Rumfa ce ta kwano, ba allo ba suna. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka wannan ya mutu? Takalminsa ne ya ƙare."

Abin da ya fara yi shi ne ya sa na natsu. Kafin ya taɓa pires sai da ya auna faɗin bilbirken daga kunci zuwa kunci, wato ƙarafa biyu masu nauyi da ke gefensa, ya rubuta lambar da alli a jikin kwano, don ya san inda zai tsaya in ya zo haɗawa. Sannan ya ɗora shi, ya danna aks ɗin tsakiya, wato gajeriyar sandar da biyel ke juyawa a kanta, har ta saki da wata ƙara kamar an fasa dutse. Ya miƙo mini ita. Gefe guda duk ramuka, sai ka ce fuskar mai zanzana, alluran keji kuwa, waɗanda ke birgima tsakanin aks da biyel, wasu sun yi shuɗi don zafi. Kuncin biyu ya goge su da tsumma, lafiyarsu lau.

Ga abin da ya kamata ka gane a nan. Bilbirken inji mai bugu biyu irin wannan ba ƙarfe guda ba ne da aka zuba, haɗi ne: kunci biyu masu nauyi, aks da ta haɗa su da matsi, keji mai allurai, randel biyu a gefe, wato zobban ƙarfe masu faɗi, sai biyel. Masu gogayya su ne masu ci, wato biyel, aks, keji da randel, kuma su huɗun tare ake sayar da su a kit guda. Kuncin da sandunansu, da tsinin da bolan ke hawa, da gurbin kilabet, da zaren goro, in ba a yi musu dukan kawo wuƙa ba sai su kai ka tsufa. Su ne kuma ɓangaren da na kwali ba ya iya kwaikwaya daidai. To me zai sa ka yar da mai wuyar samu saboda mai sauƙin samu ya ƙare?

Bayan ya matse sabon kit ɗin ya dawo da faɗin kan lambar allinsa, na ɗauka an gama, har na fara laluben aljihu. Ashe yanzu aikin ya soma. Ya ɗora bilbirken a kan ƙarafa biyu masu baki kamar gwafa, ya kafa agogon awo mai allura a kowane gefe, yana juyawa a hankali yana kallon allura. Inda ta yi tsalle sai ya sa alli, ya sauke, ya ba kuncin bugu ɗaya da gudumar jan ƙarfe, ya mayar. Wani lokaci ya sa ƙarfe ya ɗan buɗa tsakani, wani lokaci ya matse. Har aka kira la'asar muka je muka dawo yana kai. Abin da Yamaha ke yarda da shi a irin waɗannan injuna shi ne kada karkatar ta wuce milimita 0.03, wajen rabin kaurin silin gashi ke nan. Da ya gama, ya ce in juya da kaina. Allurar kamar tana barci. Na sa shi ya ɗora na kwalin da na zo da shi don in ga bambanci, allura ta yi ta rawa, dattijo ya yi dariya bai ce komai ba. Shekara ta huɗu ke nan da wannan gyaran, kuma har yau in na tayar da ita da asuba maƙwabcina na cewa kamar keken ɗinki.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa duk wanda ya ce zai gyara maka guda ce: ina agogon awonka? Mai pires ba agogo, ko mai cewa shi da ido yake gani, ka yi masa sallama. Bilbirken da aka haɗa a karkace yana cin rulmar da yake juyawa a kanta, yana yaga juwan sipi, wato robar da ke toshe bakin sanda don hana yoyo, ka koma gidan jiya cikin wata biyu, sannan ka zo nan kana cewa gyara ba ya ƙarko.

Amma ka duba naka tukuna, don akwai wanda ba ya gyaruwa. In tsinin bolan ya ciccinye, ko gurbin kilabet ya buɗe, ko an taɓa dukan bakin sandar da guduma har zaren ya baje, ko rulma na shiga mazauninta da hannu ba matsi, to wannan ya gama aiki. Ko a nan ma ba na kwali zan tura ka ba. Ka nemi tsohon na asali a wajen masu feray, wato masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ka ɗauka cewa kunci kawai ka saya, ka sa masa sabon kit.

Wajen sayen kaya, ka tafi da tsohon a hannu, kada ka sayi komai da baki. DT 125 suna ne guda a kan injuna da yawa tun daga 1974. Mai iska pistonta milimita 56 ne, tafiyarsa 50, ita kuwa DT 125 R mai ruwa tafiyarta 50.7 ce, kayansu ba ɗaya ba, kuma mai shago zai rantse maka duk DT DT ce. A jera biyel sabuwa da tsohuwa, a auna tsawo daga rami zuwa rami, a auna kaurin aks. Rulma biyu na gefe ka canza su ko da sun yi kamar suna da rai, ka karanta lambar da ke jikin tsofaffin, kuma ka lura da C3 a ƙarshenta: wannan ɗan sarari ne da aka bari a ciki don zafi, rulmar injin niƙa mai lamba iri ɗaya ba lallai ta kasance da shi ba. Juwan sipi biyu su ma dole, kuma su ne mutane ke rainawa don ƙanana ne. Na gefen bolan in ya yoye, inji na shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya, sai ka ji yana tashi shi kaɗai, ya yi zafi, piston ya kama. Na gefen ambiriyaj in ya yoye, man buwat, wato akwatin giya, yake sha, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, buji na baƙi kullum. In ba ka samu kit a Yamai ba har ta kai ka tsallaka Illela ko Sakkwato, ka san can ba wanda zai gane kalmar bilbirke. Kiranshaf suke cewa, biyel konrod, rulma kuma boris.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don an yi mini. Masu sayar da tsoho suna cusa giris mai kauri a gindin biyel, sai ka ja ka ji tsam kamar sabo. Ka sa a wanke shi da esansi a gabanka, sannan ka sake ja. Sama da ƙasa kada ka ji komai. Lilon da kan biyel ke yi gefe da gefe kuwa in ya kai milimita 2 ya wuce iyaka. Ka leƙa bakin aks, in ka ga ɗigon walda, ka tambayi dalili, don sau da yawa ramin ne ya saki aka rufe asiri. Kwali kuma ba shaida ba ne. Sunan Koyo da NTN da SKF duk ana bugawa a kwalin jabu, har da leda mai hatimi. Rulmar da kuɗinta ya faɗi ƙasa warwas, rubutun jikinta ya yi dishi-dishi, ka ajiye musu abinsu. Na ƙarshe, kuma wannan ya fi ciwo: akwai garajin da za a ce maka naka ya mutu, a ɗaura maka na kwali, na asalin ya kwana a aljihun wani, gobe a sayar wa irina da tsada. Ka buga wa kuncinka alama da ƙusa kafin ka miƙa, kuma duk abin da aka cire a ba ka a leda.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a kai. Bolan da abin zare shi ake cirewa, na Yamaha zarensa na hagu ne, ba da guduma da kurfi ba. Karte, wato kwanson inji, ake ɗumamawa rulma ta faɗa da kanta, bilbirken kuma jawo shi ake yi ya zauna. Bugu ɗaya a bakin sanda ya isa ya ɓata wunin da dattijo ya yi a kan agogo.

Kuma ka nemi abin da ya kashe na farkon. Nawa ƙura ce: soson filtir ya ruɓe ban sani ba, hunturu guda inji na shan rairayin Adar. A inji mai bugu biyu duk abin da ya wuce karbirata sai ya bi ta kan biyel kafin ya hau sama. Soso a wanke, a shafa masa mai, a matse. Famfon mai na Autolube in yana aiki ka bar shi, a dai fitar masa da iska bayan haɗawa. In wani ya riga ya cire shi, to gauraya za ka yi da man 2T na gaske, kashi 3 cikin 100, wato mililita 150 a lita 5, ba baƙin man da aka juye daga mota ba.

In ka sa ranar zuwa Yamai ka taɓo ni ta gefe in kwatanta maka rumfar. Ka tafi da bolan ɗin da gorunsa, don dattijon ba ya sakin aiki sai ya gwada su a kan tsinin da hannunsa.