Na kai ɗamarar kakana wurin wani baduku a Marwa

A gidanmu a Garwa, arewacin Kamaru, kowa ya taso yana jin cewa ɗamarar fatar da kakanmu ya bari daga Agadas ta zo, tunda fatauci ya yi. Ɗinkinta ya fara warwarewa, shi ya sa da na je Marwa, garin majema da dukawa, na tafi da ita wurin wani tsohon baduku a kasuwar masu aikin hannu, ya gyara, ya kuma faɗa mini asalinta.

Bai yi gaggawa ba. Ya shinshina fatar, ya murza ta a yatsa, ya ce fatar akuya ce, jimar bagaruwa, jan kuma na karan dafi ne. Sai ya kifa kan ɗamarar, wanda na tagulla ne, a tafinsa.

"Ɗana, duba bayan nan. Ka ga sawun guduma?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce maƙeran Buzaye sun fi aiki da azurfa, kuma sassaƙa zane suke yi, layi siriri. Tagullar Bida kuwa an fi saninta da bugu. Wannan zubi ne. Ya nuna mini 'yan naɗe-naɗen da ke fuskarsa kamar zare: da kakin zuma aka fara murza su, aka lulluɓe da yumɓu, aka gasa kakin ya tsiyaye, aka zuba narkakkiyar tagulla, sannan aka fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. A ganinsa aikin maƙeran ƙabilar Kapsiki ne, na wajen Rumsiki da Mogode, nan cikin duwatsun Mandara. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Abin da ya fi burge ni, kowace magana sai ya ɗora yatsana a kan hujjarta.

Sefa 4,000 na biya, kuma bayanin kaɗai ya ci kuɗin.

Amma gyaran ya ɓata mini rai. Ya bar wa yaronsa, shi kuma ya goge tagullar da lemun tsami da toka har tana ƙyalli, ba tare da an tambaye ni ba. Duhun shekarun nan da hannun kakana ya bari ya tafi, ba zai dawo a zamanina ba. Ya kuma ɗinke da zaren roba maimakon siririyar fata. Da na yi magana, tsohon ya ba ni haƙuri, ya kwance ɗinkin ya sake da hannunsa.

Akwai kuben wuƙa a akwatin kaka, shi ma can zan kai, amma a gabana za a yi aikin.