Littafi, rubutun fim ko wasan jan labari: da wanne za ki fara?

Ƙanwata, kin ce kina da labari a ka, jarinki bai wuce waya da kuɗin data ba, kin kuma rasa ko littafi za ki mayar da shi, ko rubutun fim, ko irin wasan nan da kika gani a YouTube inda mutane ke zagaye tebur kowa ya zama wani a cikin labari. Ni dai gajeren labari zan ce ki fara da shi. Amma bari mu ɗauki labari guda mu ga yadda kowannensu zai yi da shi, sai ki yi wa kanki alƙalanci.

A ce wani mai Keke Napep ya ɗauki wata Hajiya daga gadar Kawo zuwa Kasuwar Barci. Bayan ta sauka ya ga ta manta jaka cike da kuɗi, ga mahaifiyarsa kwance a asibiti, an ce sai an biya za a yi mata aiki.

A littafi, zuciyar yaron nan a hannunki take. Za ki iya shiga ki faɗa mana abin da yake saƙawa, ki koma shekara goma baya ranar da mahaifinsa ya zane shi kan naira ashirin, ki dawo. In kin ga dama ki sa kogin Kaduna ya yi ambaliya a daren, ko ki ɗora shi a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, ba wanda zai ce ki kawo ko kwabo. Wannan 'yancin ne kuma ke kayar da sababbin marubuta. Sai ki ga shafi biyar an ɓata wajen lissafa akwatunan lefe da kalar mayafi, jakar kuɗin tana nan an manta da ita. Sannan kowane irin labari yana da alkawarin da ya ɗaukar wa mai karatu. Na soyayya dole ya gaya mana ko sun samu juna ko sun rabu. Na bincike dole ya ajiye alamomin mai laifi a fili tun da wuri, yadda in an kai ƙarshe mai karatu zai ce "ai kuwa na gani, ban dai lura ba". In kika fito da ɓarawon daga sama a shafin ƙarshe, kin ci amanarsa. Hanyar nan daɗaɗɗiya ce a wajenmu: gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya ita ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara, adabin kasuwar Kano ya biyo baya a shekarun 1980, yau kuma waya ce maɗaba'ar.

Rubutun fim ya ƙwace miki zuciyar nan. Abin da kyamara ba za ta gani ba, kunne ba zai ji ba, ba ya shiga takarda. Ba za ki rubuta "ya shiga ruɗani" ba, domin ba a ɗaukar hoton ruɗani. Sai dai ki rubuta: ya zuge jakar, ya rufe, ya ciro takardar asibiti daga aljihu ya ƙura mata ido, wayarsa ta yi ƙara, ya kashe. Kowane sin, wato fitowa guda a fim, yana farawa da layi ɗaya mai faɗin ciki ne ko waje, wane wuri, rana ko dare. A tsarin da aka saba, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya, don haka fim na awa ɗaya da rabi wajen shafi 90 ke nan. Kuma kowace jimla kuɗi ce. Ambaliyar da kika samu kyauta a littafi, furodusa zai soke ta tun kafin ya gama karanta layin. Sin na dare yana nufin janareto da fitilu, na tashar jirgi yana nufin neman izini. Marubucin da ya san aiki yakan tattara labarin a wuri uku ko huɗu.

Ki kuma saba da cewa aikin ba naki ba ne ke kaɗai. Darakta zai yanke, jarumi zai canza magana a lokeshan, in za a kai kasuwar Kano kuma akwai hukumar tace fina-finai da aka kafa a 2001. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, YouTube ma ta cika da shirye-shirye masu dogon zango, abin da ake nema wajen marubuci shi ne ya iya rufe kowane kashi da abin da zai hana mai kallo sukuni har mako mai zuwa. Wajen koyon sa wa kowa maganarsa a baki kuwa, mu a Kaduna ba mu da uzuri. Ki nemi tsofaffin wasannin Samanja da na Kasimu Yero ki saurara ido a rufe: Hausar bariki kaɗai ta isa ta gaya miki wanda ke magana. In 'yan wasanki duka suna magana da murya ɗaya, muryarki ce, a sake zama.

Na ukun, wasan jan labari, shi ne baƙo a nan. Wanda ya fi shahara, Dungeons & Dragons, ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Mutum ɗaya ne mai jan labari, saura kowa ya ɗauki hali guda ya riƙa faɗin abin da zai yi, a jefa ɗan lido ya raba gardama. A nan ba ke ce mai yanke abin da zai faru ba. Kina rubuta wurin, da mutanen, da abin da kowa ke so, da dokokin wasa. Wadda ta zama mai keken tana iya cewa ofishin 'yan sanda za ta kai jakar, ko ta ce Zariya za ta gudu. Dole ki riga ki san kuɗin na wane ne, me Hajiya za ta yi cikin awa ɗaya, wa ya ga lambar keken. In mai keken zai yi wa ɗan sanda ƙarya a shingen Mando, a jefa ɗan lido: in ya ci, ya wuce; in ya faɗi, a buɗe jaka.

Kasuwarsa a Hausa ba ta kai a dogara da ita ba, kusan duk littattafan wasan da Turanci suke. Amma wajen gwada ƙwarin labari ban ga kamarsa ba, kuma kyauta ne. Ki tara ƙawaye uku ki ja musu naki. Duk inda suka haɗa baki suka ce "to me zai hana ya kira lambar da ke cikin jakar?", nan ne ramin da mai karatu zai faɗa.

Abin da ya sa na ce gajeren labari: shi kaɗai za ki iya gamawa a makon nan ba tare da jiran kowa ba, kuma ƙarancin fili zai koya miki yanka. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata irin wannan horon take bayarwa, tunda kalmomin a ƙayyade suke. In kin gama, ki juya shi ya zama rubutun fim mai shafi biyar, ki ga abin da ya rage bayan an cire saƙar zuci.

Batun kuɗi kuma. Littafin da ake sayarwa a WhatsApp yana kawo ɗan abin sawa a baki, sai dai mutum ɗaya zai biya ya tura wa hamsin. Rubutun fim sau ɗaya ake saye, daga nan ya bar hannunki. Kafin ki tura wa kowane furodusa cikakken aiki, ki ba shi taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu: nawa ne, yaushe za a biya, gyara sau nawa, kuma sunanki zai fito a fim ɗin ko a'a.