Sharhi kan wasan kwaikwayo mai waƙa da na kalla a Damagaram

A daren Asabar ɗin da ta gabata na biya jaka guda ta sefa na shiga kallon wani wasan dandali da wata ƙungiyar matasa ta garin nan ta shirya, wanda suka ce sabon salo ne, domin kusan rabin labarinsa da waƙa ake isar da shi, kuma waƙar irin wadda samari ke saurare ce a wayoyinsu idan sun zauna shan shayi a fada, wato majalisarsu ta hira. 'Yar ƙanwata ce ta matsa mini, tana cewa, “Kawu, kullum kana ba mu labarin wasannin da, yau dai ka zo ka ga namu.” Na tafi da shakku a raina, saboda wanda ya tashi da wasannin Yazi Dogo da abokansa a rediyo da talabijin ba ya saurin yarda cewa an kawo wa Damagaram sabon abu a fagen wasan kwaikwayo. Garin da ya san wasan kara, inda talaka ke shigar gwamna ko sarki ya kwaikwayi tafiyarsa a bainar jama'a, kuma garin da ya karɓi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976 zamanin Seyni Kountché, yana da ma'aunin da yake auna irin waɗannan abubuwa.

Labarin bai da sarƙaƙiya. Wani baduku ne a Birni yake son ɗansa ya gaji sana'ar fata, shi kuwa ɗan ya ƙudurta tafiya Jado, can arewacin Nijar, haƙar zinariya, kamar yadda samari da yawa suka yi tun da aka gano ta a can a 2014, sannan ga budurwar da zai bari a baya. An yi wasan cikin awa ɗaya da rabi, da waƙoƙi bakwai idan ban yi kuskuren ƙirga ba.

Waƙa ta biyu ita ce ta biya ni kuɗina, kuma a kanta nake so in daɗe. Uban yana zaune a kan buzu, da basilla a hannunsa yana huda fata, ɗan yana tsaye a kansa da jaka a kafaɗa. Maimakon su yi gardamar da baki kamar yadda aka saba, sai ɗan ya ɗauko ta da gambarar zamani, kalmomi na bin juna da sauri, yana lissafa abin da takalmi guda ke kawowa da abin da buhun hatsi ke ci. Uban bai bi shi a wannan gudun ba. Ya amsa masa a hankali, da muryar da ta yi kama da ta mawaƙan fada, mai kalangu na gefe yana maimaita ƙarshen kowace magana tasa, har ya zama kamar mutum biyu ne suka taru a kan yaron. Abin da ya burge ni shi ne, kafin waƙar ta ƙare al'amari ya sauya: uban da ya fara da rantsuwar ba zai sa albarka ba, ya ƙare da kwance layar da ke damtsensa ya jefa wa ɗan ba tare da ya ɗago kai ya dube shi ba. Da za a cire wannan waƙa, da labarin ya yanke a tsakiya, domin a cikinta aka yanke hukuncin tafiyar. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda tun farko yake ta tsaki, sai na ji ya yi shiru yana gyara zaman hularsa.

Daga baya mai shirya wasan ya gaya mini cewa ya ɗauki dabarar ne daga wasan Hamilton, wanda Lin-Manuel Miranda ya rubuta aka fara nunawa a birnin New York na Amurka a 2015, inda aka mayar da muhawarar ministoci ta zama gasar gambara tsakanin mutum biyu. Na ce masa, “Malam, ai ba sai ka je Amurka ba,” domin 'yan gambara na kasuwanninmu sun daɗe suna jifan juna da magana a kan kiɗa, kuma ina zaton wannan ne dalilin da ya sa 'yan kallo, har da tsofaffi, suka karɓi abin ba tare da an yi musu bayani ba.

Inda wasan ya yi rauni shi ne waƙoƙin soyayya guda uku da aka jera a tsakiya. An ɗauke su tun da farko a situdiyo, an goge muryoyin da na'ura har ba a bambanta ta yarinyar da ta kowace mawaƙiyar nanaye, sannan aka sako su ta lasifika, 'yan wasa na motsa baki suna rawa. Waƙoƙin suna da daɗi, matasa ma sun yi ta ihu suna ɗauka a waya, amma a tsawon minti goma sha biyar labarin bai matsa ko taku ɗaya ba: yana sonta a farkon waƙa, yana sonta a ƙarshenta. Irin wannan rawa da waƙa ta dace da fim, inda ake canza tufafi da wuri a kowane baiti don ido ya sami abin kallo, amma a dandali, inda mutum ke gabanka da guminsa, da zarar leɓensa ya saɓa da sautin da ke fita sai mai kallo ya tuna cewa wasa ne ake yi. Sau biyu hakan ta faru, kuma a karo na biyu yarinyar ta yi dariya ita kanta.

Na fahimci uzurinsu, domin ɗaukar makaɗa na tsawon watannin gwaji kuɗi ne, kuma kuɗin ƙofa ba zai biya ba. Sai dai wasan Fela!, na rayuwar mawaƙi Fela Kuti, wanda aka nuna a New York a 2009 aka kawo shi Legas a 2011, ƙarfinsa yana ga makaɗan da ke kan dandali suna bugawa kai tsaye, suna jiran ɗan wasa idan ya ja numfashi, suna bin sa idan ya ƙara wuta. Ba a buƙatar taron makaɗa irin nasu a nan. Mai fiyano ɗaya, da mai jita, da wannan mai kalangun da suke da shi, sun isa su ɗauki waƙoƙin bakwai duka.

Game da wurin kuwa, an ce ƙarfe takwas aka fara tara saura, kujerun ba su kai yawan tikitin da aka sayar ba, kuma lasifikar gefen dama tana ƙara har baitocin gambara, waɗanda su ne ke ɗauke da labarin, suka riƙa ɓacewa ga na baya. Wannan babban lahani ne a wasan da kalma ɗaya idan ta wuce ka ba ta dawowa. Haske da tufafi ba su da laifi, rumfar dukancin ma da fatu na gaske aka yi ta, har warin jima yana isowa layin gaba.

Ga mai tambaya ko wasan ya cancanci jaka guda, amsata ita ce ya cancanta, ko don waƙar uba da ɗa da kuma ta ƙarshe, wadda uwar yaron ta rera da muryarta ba tare da na'ura ba, tana ƙirga watannin da ba a ji ɗuriyarsa ba. Sun ce za su sake nuna shi bayan sun yi gyara, kuma mai shirya wasan ya yi alkawarin rage waƙoƙin soyayyar zuwa ɗaya, a rera ta kai tsaye. Na gaya wa 'yar ƙanwata ta saya mini tikiti idan lokacin ya zo, kuma ta kama mini kujera a gefen hagu, kusa da mai kalangu.