Likitar gashin ƙashin da ta kula da Hajiya

Bayan shanyewar ɓarin jiki da Hajiyarmu ta yi, mun sha wuya a hannun wani mai tausa a unguwa. Shi ya sa da muka je wurin wannan likitar fisiyo (mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi) a Kano, lasisi na fara tambaya, ban ji kunya ba. Ta yi murmushi ta nuna mini takardar MRTB, hukumar da ke ba likitocin fisiyo lasisi a Najeriya, sabuntawar bana.

A Jami'ar Bayero ta yi digirinta na shekara 5, sannan shekara 1 ta horon aiki, ta kuma daɗe tana aiki a asibitin ƙashi. Ga haƙuri, ita kaɗai Hajiya ba ta yi wa gardama.

Layinta dai akwai tsawo, kuɗin ma da ɗan nauyi. Amma yanzu Hajiya na riƙe cokali da hannun dama.